Araha Ba Ta Ado: Ƙaramar Libarba da Tambayar Wanda Ke Biyan Ragowar



Akwai tambayar da ke yawan tasowa a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman masu tuƙa tasi da dare, da masu tsaron ƙananan kantuna da gidajen mai, da waɗanda tsadar haya ta tura su unguwannin da ba a barci a cikinsu da sakin jiki. Tambayar ita ce: mutumin da ba shi da halin sayen bindiga mai tsada, shin ya kyautu ya sayi ƙaramar libarba mai araha ya ajiye domin kare kansa da iyalinsa? A zahiri wannan magana ce ta kasuwa, irin wadda ake yi kan mota ko firji. Amma a ƙarƙashinta akwai tambayoyi biyu masu nauyi. Me ake nufi da cewa abu amintacce ne, alhali aikinsa ɗauke rai? Kuma idan abu ya yi araha fiye da yadda ya kamata, wa ke biyan ragowar kuɗin?

Sana'ata injiniyanci ce, kuma yawancin abin da na karanta da wanda nake yi ya shafi dalilan da ke sa ƙarfe ya gaza: inda yake tsagewa, da inda yake lashewa, da lokacin da yake yaudarar wanda ya dogara da shi. Da wannan idon zan dubi lamarin. Matsayina kuwa shi ne: libarbar da aka karya mata farashi ta hanyar karya ingancinta ta wadatar wajen kisa, amma ba ta wadatar wajen kariya ba. Wannan rashin daidaito shi ne tushen matsalar ɗabi'ar da ke tattare da ita.

Yadda abin yake aiki

Libarba ƙaramar bindigar hannu ce mai ganga mai ramuka, yawanci biyar zuwa tara, kowane rami da harsashinsa. Idan aka ja kunama, gangar ta juya, rami ɗaya ya daidaita da bututu, guduma ta sauka a kan harsashi. Samuel Colt ya yi rajistar irin tasa a shekarar 1836, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba. Abin da ake yabon libarba da shi shi ne sauƙi: idan harsashi ya ƙi tashi, sai a sake jan kunama, gangar ta kawo na gaba.

Sai dai wannan sauƙin yana ɓoye wata tsananin buƙata. Dole ramin ganga ya tsaya daidai da bakin bututu, a kuma kulle shi a wurin kafin guduma ta sauka. 'Yan ƙananan ƙarafa ne ke wannan aiki, ɗaya na tura gangar, ɗaya na riƙe ta. Idan an yi su da ƙarfe mai laushi, ko an yi sakaci wajen awonsu, sai su lashe da amfani. Daga nan harsashi ya riƙa gogar gefen bututu, ɓarɓashin dalma ya riƙa fantsama ta gefe zuwa hannun mai harbi ko fuskar wanda ke kusa da shi.

Masu neman rage kuɗi sun fi yin hakan ta hanyoyi uku. Na farko, maimakon a sassaƙa jikin bindigar daga ƙarfe mai tauri, sai a zuba narkakken haɗin tutiya cikin mazubi, domin haɗin na narkewa a wajen digiri 390 a ma'aunin salshiyos, yayin da ƙarfen kirki ke buƙatar fiye da digiri 1,300. Zubi ya fi sassaƙa sauri da sauƙin kuɗi, amma abin da aka zuba bai kai wancan jure duka ba. Na biyu, a rage dubawa da gwaji kafin kaya su bar masana'anta. Na uku, a zaɓi ƙaramin harsashi, domin jiki mai rauni ba zai ɗauki ƙarfin babba ba.

Ƙaramin harsashin da aka fi sani shi ne .22, wanda faɗinsa bai wuce milimita 5.6 ba, nauyin dalmarsa kuma wajen giram biyu da rabi. Makunninsa, wato sinadarin da ke tayar da albarushi, yana shimfiɗe ne a cikin gefen gindin kwanso, saɓanin manyan harsasai masu makunni a tsakiya. Idan sinadarin bai zagaye gefen sosai ba, guduma na iya sauka a inda babu komai. Shi ya sa irin wannan harsashi ya fi ƙin tashi, shi ya sa kuma ake sa wa libarbarsa sifirin mai ƙarfi, abin da ke sa kunamar ta yi tauri, hannu ya karkace lokacin harbi. Ga gajeren bututu, ga tauraren kunama, ga hannun da tsoro ke kaɗawa: samun abin da aka nufa ya zama aiki ja.

Abin da tarihi ya nuna

Wanda ya ji wannan bayani zai iya ɗauka cewa irin wannan bindiga abin wasa ce. Tarihin Amurka ya ƙaryata hakan. A ranar 6 ga Satumba, 1901, a birnin Buffalo, an harbi Shugaba William McKinley da libarba .32 ƙirar kamfanin Iver Johnson, wadda aka san ta da sauƙin kuɗi, ya kuma rasu bayan kwana takwas. A watan Yunin 1968, a wani otal a Los Angeles, an harbi Sanata Robert Kennedy da libarba .22 mai harsashi takwas, ita ma ta Iver Johnson. Ya rasu washegari, an kuma raunata wasu mutum biyar.

A wannan shekarar ta 1968, bayan kisan Kennedy da na Martin Luther King, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta hana shigo da ƙananan bindigogin da ba su dace da wasannin harbi ba. Waɗanda aka fi nufa su ne masu arahar da Amurkawa ke wa laƙabi da Saturday night special, wato ta musamman ta daren Asabar, daren shaye-shaye da faɗace-faɗace. Amma dokar ta tsaya kan bindigar da aka gama haɗawa a waje. Sai kamfanin Röhm na Jamus ya buɗe reshe a Miami mai suna RG Industries, ana kawo sassa ana haɗawa a cikin gida.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan, ƙirar RG-14 mai harsashi .22, aka saya a shagon jingina a Dallas kan kuɗin da bai kai dala hamsin ba. A ranar 30 ga Maris, 1981, a ƙofar otal ɗin Hilton da ke Washington, John Hinckley ya harba harsasanta shida cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Duka shidan sun tashi. Mutum huɗu suka jikkata: Shugaba Ronald Reagan, wanda harsashi ya daki jikin mota ya karkato ya shiga huhunsa, da wani ɗan sanda, da wani jami'in tsaron shugaban ƙasa, da kakakinsa James Brady, wanda aka sama a ka, ya rayu da naƙasa har rasuwarsa a 2014. Sunansa aka sa wa dokar 1993 da ta wajabta binciken tarihin mai saye kafin dillali ya miƙa masa bindiga.

Aminci mai fuska biyu

Harshenmu ya yi mana gata a nan. Kalmar aminci tana ɗauke da ma'ana biyu: abin da za a dogara da shi, da kuma kuɓuta daga cuta. Ita da amana 'yan gida ɗaya ne. Injiniyoyi ma sun raba batun gida biyu. Akwai tambayar ko na'ura za ta yi aiki lokacin da ake so, akwai kuma tambayar ko za ta yi shiru lokacin da ba a so. Birkin mota da ya ƙi kamawa ya gaza ta fuska ta farko, wanda ya kama da kansa a tsakiyar babban titi ya gaza ta fuska ta biyu. Bindiga mara inganci tana iya gazawa ta duka biyun: ta ƙi tashi ranar buƙata, ta kuma tashi da kanta idan ta faɗi ƙasa.

Yanzu mu auna mutum biyu masu riƙe da bindiga iri ɗaya. Mai kai hari shi ke zaɓar rana da wuri da nisa. Yana iya gwada makaminsa da safe, ya sa sababbin harsasai, ya matso har ya kusa taɓa wanda ya nufa. Idan ta ƙi tashi, sau da yawa nuna ta kawai ya isa, ko ya gudu ya dawo wata rana. Buƙatarsa ga inganci kaɗan ce. Mai kare kansa kuwa ba ya zaɓar komai. Bindigarsa na iya shekara uku a cikin durowa, ƙura da danshi na aikinsu. Ranar da zai neme ta, cikin duhu ne, cikin firgici, wataƙila matarsa ko ɗansa na tsaye kusa da wanda zai harba. Yana buƙatar ta tashi a karon farko, ta sami inda ya nufa, ta kuma tsayar da maharin nan take. Ƙaramin harsashi yakan yi kisa, amma ba lallai ya tsayar da mutum a daƙiƙar da aka harbe shi ba. McKinley ya yi kwana takwas kafin ya cika. Reagan da ƙafarsa ya taka zuwa ƙofar asibiti. Harsashin da zai kashe ɗan fashi bayan awa biyu bai ceci wanda ɗan fashin ya daɓa wa wuƙa a minti na farko ba.

Ashe kenan duk abin da aka rage daga ingancin wannan makami, daga rabon mai kare kansa aka rage shi, rabon mai ɓarna kuwa kusan bai taɓu ba. Kusan haka babbar kotun jihar Maryland ta gani a 1985, a ƙarar da wani ma'aikacin kanti da aka harba lokacin fashi ya kai kamfanin RG. Kotun ta ce irin waɗannan bindigogi ba su da wani amfanin kirki ga 'yan sanda ko masu wasan harbi ko masu kare kai, don haka ana iya ɗora wa mai ƙera su da mai sayar da su alhakin ɓarnarsu. A 1988 majalisar jihar ta soke wannan alhaki, ta maye gurbinsa da hukumar da ke tantance bindigogin da za a iya sayarwa.

Hujjar talaka

Duk da haka, rashin adalci ne a rufe maganar a nan, domin akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi. Attajiri yana zaune a unguwa mai shinge da masu gadi, 'yan sanda na amsa kiransa da gaggawa. Talaka ne ke komawa gida ƙarfe biyun dare, shi ne ke tsaye bayan kanta shi kaɗai. Idan aka haramta mai araha aka bar mai tsada, an mayar da kare kai gatan masu kuɗi.

Wannan tsoro yana da tushe a tarihi. A 1879 jihar Tennessee ta hana sayar da ƙananan bindigogi in ban da manyan nan irin na sojan ƙasa da na ruwa, jihar Arkansas ta bi sahu a 1881. Waɗannan manyan su ne masu tsada, kuma tsofaffin sojoji fararen fata da yawa sun riga sun mallake su. Masana tarihi da dama na ganin cewa baƙar fatar da aka 'yanta daga bauta, da talakawan farare, su dokar ta fi hanawa. A zamaninmu ma, shari'ar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2010, wadda ta ce haƙƙin mallakar makami ya hau kan jihohi da birane, sunan wani dattijo baƙar fata take ɗauke da shi, Otis McDonald, mazaunin Chicago, wanda ɓarayi suka sha fasa masa gida.

Akwai kuma gaskiya ta biyu. Binciken da James Wright da Peter Rossi suka yi a tsakanin fursunoni a shekarun 1980 ya nuna cewa ƙwararrun masu laifi sun fi son manyan bindigogi masu inganci. A yau ma, yawancin bindigogin da hukumomi ke ganowa a laifuka fistol ne masu ɗura kansu, musamman masu harsashin milimita 9. Don haka wanda ya ce kawar da ƙaramar libarba zai kawar da kisa ya yi alkawarin da ba zai cika ba.

Na yarda da rabin wannan hujja. Ran talaka daidai yake da ran attajiri, kuma dokar da ke auna aljihu tana fakewa da sunan tsaro doka ce ta zalunci. Inda na rabu da ita shi ne wurin da take ɗaukar cewa girmama talaka shi ne a sayar masa da abin da attajiri ba zai yarda ya riƙe ba. Ba mu cewa a bar gurɓataccen magani a kasuwa saboda mai kyau ya yi wa talaka tsada. Mun san cewa wanda ya sha jabun magani ya yi asara biyu: kuɗinsa sun tafi, ya kuma daina neman na gaskiya domin yana zaton ya samu. Haka mai jabun makami. Zai iya tsayawa inda ya kamata ya gudu, ya buɗe ƙofar da ya kamata ya bari a kulle, saboda ƙarfin gwiwar da ƙarfen da ke aljihunsa ya ba shi.

A auna aiki, kada a auna farashi

Araha da rashin inganci ba tagwaye ba ne. Kamfanin Iver Johnson ɗin nan, wanda wani baƙo ɗan ƙasar Nowe ya kafa a jihar Massachusetts, tun a shekarun 1890 ya sa wa libarbarsa wani ɗan ƙarfe da ke shiga tsakanin guduma da harsashi sai an ja kunama har ƙarshe, ta yadda ko an buga gudumar ko bindigar ta faɗi ba za ta tashi ba. Wasu masu tsada sun daɗe ba su da wannan kariya. Kamfanin Ruger sai a 1973 ya sa irinta a wasu shahararrun libarbobinsa. Wato dabara mai kyau tana iya zama mai sauƙin kuɗi, idan mai ƙira ya damu da ran mai saye.

Saboda haka hanyar da ake bi wajen tantancewa tana da muhimmanci. Jihohi irin su Illinois da Hawaii sun hana sayar da ƙaramar bindigar da jikinta ke narkewa ƙasa da digiri 800 a ma'aunin farenhait, wato wajen 427 a salshiyos. A idon injiniya wannan awo ne na kewaye, domin ba a taɓa jin bindiga ta narke a hannun mai ita ba. An zaɓi adadin ne don ya kama tutiya. Kalifoniya ta bi wata hanyar tun daga 2001. Ana kawo guda uku na kowace ƙira, a harba harsashi 600 da kowace, ashirin na farko ba tare da tangarɗa ba, kuma kada tangarɗar ta wuce shida gaba ɗaya, kada wani sashe ya tsage. Sannan a sake ta daga tsayin mita ɗaya a kan kankare ta fuskoki shida, a ga ko za ta tashi. An yi ta jayayya kan wasu sharuɗɗan da aka ƙara wa dokar daga baya, amma wannan gwajin na asali yana tambayar abin da ya dace: tana aiki idan an so, tana shiru idan ba a so?

Abin mamaki, hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayan masarufi, wadda aka kafa a 1972, tana da ikon janye abin wasan yara ko tukunyar lantarki daga kasuwa, amma majalisa ta hana ta taɓa bindiga da harsashi. Inda doka ta yi shiru, nauyin ya koma kan lamirin mai ƙira da mai sayarwa. A nan tarbiyyarmu ta ciniki tana da abin cewa. Mun taso mun san cewa ɓoye aibin haja ha'inci ne, kuma mai saye na da haƙƙin mayar da kaya idan aibin ya bayyana. To amma aibin makamin kare kai yakan bayyana ne a ranar da babu sauran damar mayarwa. Wanda ya sayar da shi yana sane da rauninsa, ya kuma kira shi kariya, ya ci amanar da ba a iya biya.

Farashin da ba a rubuta a jiki ba

Ko da an sami mai araha mai inganci, kuma akwai su, lissafin bai ƙare ba. A ilimin amincin na'urori akwai ƙa'ida: idan aiki ya dogara da sassa da ke jere kamar sarƙa, ana ninka amincin kowane sashe da na ɗan'uwansa, sakamakon kuma kullum yana ƙasa da na mafi rauninsu. A misali, sassa huɗu da kowanne ke aiki sau tara cikin goma, idan aka jera su, sarƙar za ta yi aiki ne kimanin sau biyu cikin uku. Kare kai da bindiga sarƙa ce irin wannan: makami, da harsashi, da ma'ajiya, da mutum. Mafi rauni a cikinsu, a mafi yawan lokuta, shi ne mutum.

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa a 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga, kuma 26,328 daga cikinsu, fiye da rabi, su suka kashe kansu. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi diddigin manya fiye da miliyan 26 a Kalifoniya, ya gano cewa mazan da suka mallaki ƙaramar bindiga sun ninka waɗanda ba su mallaka ba wajen sau takwas a kashe kai da bindiga, matan kuwa wajen sau 35. A irin wannan nisa, ƙarancin harsashi da karkatar bututu ba sa ceton kowa. Kada mu ce wannan ba matsalarmu ba ce saboda imaninmu. Baƙunci na da nasa nauyi: kaɗaici, da bashi, da matsalar takardu, da buƙatun gida da ba sa ƙarewa, da saɓanin ma'aurata inda babu iyaye kusa da za su shiga tsakani. Fushin da a gida zai ƙare da kiran kawu ko liman, a ɗakin da ke da bindiga a durowa yana iya ƙarewa cikin daƙiƙa ɗaya. Ga kuma yara, waɗanda babu maɓoyar da ba su sani ba.

Akwai wani farashin da ya keɓanta da mu. A watan Fabrairun 1999, a unguwar Bronx, 'yan sanda sun harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, baƙo ɗan ƙasar Gini, wanda walat ɗinsa kawai ya zaro. A watan Yulin 2016, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa jim kaɗan bayan ya sanar cewa yana ɗauke da bindiga, alhali yana da lasisinta. Baƙar fata mai lafazin baƙi da sunan Musulunci ya san cewa ba kullum ake kallon makami a hannunsa yadda ake kallonsa a hannun wani ba. Sannan dokar tarayya ta hana mafi yawan masu bizar wucin gadi, kamar ɗalibai da masu ziyara, mallakar bindiga, in ban da 'yan keɓance-keɓance, ta kuma hana marasa takardu gaba ɗaya. Sayen na bayan fage saboda araha na iya jawo ɗauri da kora. 'Yan'uwanmu na Birtaniya kuwa doka ta riga ta yanke musu hukunci, domin bayan kisan 'yan makaranta a Dunblane a 1996, an haramta ƙananan bindigogi a 1997, har da masu harsashi .22.

Addininmu bai hana kare kai ba. Ya ma girmama wanda aka kashe yana kare ransa ko iyalinsa ko dukiyarsa. Amma koyarwar da ta ba da wannan izini ita ce ta umarci mai wucewa da kibiyoyi ta kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu kada ya yanki wani, ta kuma hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa. Abin da na fahimta shi ne izinin da nauyin tare suke zuwa, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Wanda ya ajiye makami ya ɗauki amanar duk wanda harsashinsa zai iya kaiwa gare shi: matarsa, da 'ya'yansa, da maƙwabcin da bangon katako kawai ya raba su.

Abin da nake gani

Idan ɗan'uwa ya tambaye ni, ba zan fara da sunan kamfani ba. Zan ce ya lissafa cikakken farashin: makamin da ya ci gwajin aiki da na faɗuwa, da akwatin ƙarfe mai kulle, da kuɗin horo a wurin ƙwararru, da harsasan atisaye a kai a kai, domin ba a fafe gora ranar tafiya, da sanin dokar jiharsa da matsayin takardunsa. Sannan ya tambayi kansa da gaskiya game da fushinsa da halin da zuciyarsa ke ciki, ya kuma shawarci matarsa, tunda ita ma a gidan take kwana. Wanda ya iya biyan wannan duka, doka ta ba shi dama, ya kuma ga buƙatarsa ta tabbata, ba ni da abin zarginsa. Wanda kuɗinsa ya tsaya a kan ƙarfen kawai, to bai sami araha ba. Ya biya kaso mafi ƙanƙanta ne, ya bar ragowar a kan iyalinsa da maƙwabtansa.

Wannan bai zama hujjar mu bar shi da tsoronsa ba. Tsoron direban dare da na mai tsaron kanti gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne a kanmu. Kuɗin da zai sayi libarba mara inganci zai iya sayen ƙofa mai ƙarfi da makulli na kirki, da fitilar waje, da kyamara a mota ko a kanti. Ƙungiyoyinmu za su iya taimaka wa wanda ke son barin aikin dare ya sami na rana, su haɗa masu neman gida a unguwa mafi kwanciyar hankali, su gayyato lauyoyi su yi bayanin doka a masallatai, su kuma buɗe ƙofa ga wanda damuwa ta yi wa yawa ya yi magana ba tare da jin kunya ba. A matsayinmu na mazauna ƙasa kuma, ya dace mu goyi bayan dokar da ke gwada makami da aikinsa, mu ƙi wadda ke gwada mutum da aljihunsa.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a inda muke baƙunci, Ya kare mu daga cutar da wani ko wani ya cutar da mu, Ya ba ƙasashenmu da ƙasashen da suka karɓe mu zaman lafiya. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.